Mako Huɗu a Hannun Filaya

Litinin, 6:30 na safe

Yau zan fara koyon aiki. Koyon aiki. Na rubuta sau biyu don in ga ko alƙalamin zai ƙi.

Shekara goma sha tara ina kamfanin wutar lantarki, mutum goma sha biyu a ƙarƙashina, mota mai tambari a ƙofar gida. Yau kuma zan je in tsaya a gaban ƙanin matata ya koya min yadda ake ja wa ɗaki waya. Filaya ake ce masa, don ba ya rabuwa da filaya a aljihun baya, ko ɗaurin aure za shi. Na san shi tun yana zuwa gidanmu da majina a hanci yana cinye mana burodi. Yanzu shi ne Oga. Yana da shago mai faɗin tabarma biyu da allo a sama wanda aka rubuta "lantarki" ba daidai ba.

Kamfani ya dakatar da ni har kwamiti ya gama bincike a kan abin da ya sami Kurege, mai hawa falwaya a tawagata wanda wuta ta kama a sama. Sun ce wata uku, ko fiye. Na yi kwana tara a falo. Jiya Maman Auta ta tsaya a kaina riƙe da tsintsiya ta ce, "Baban Auta, zaman nan zai kashe ka, ni ma ya haɗa da ni. Na yi wa ƙanina magana."

Ta yi masa magana. Ba ta yi min ba.

Zan je ne don in huta da masu zuwa jaje. Kowa ya shigo da fuskar tausayi, kunnuwa kuwa a buɗe kamar na zomo.

Litinin, 5:40 na yamma

Na zaci zai ba ni kujera ya ce in riƙa duba musu lissafi. Takarda ya miƙo min, ta ƙungiyar masu aikin waya, in cike a matsayin mai koyo. Akwai wurin sa hannun uba ko waliyyi. Ya ce, "Wannan ka bar shi, Yaya, ni zan tsaya maka." Har da murmushi.

Na ce masa ya san da wa yake magana kuwa?

Ya ce, "Na sani. A gida kai ne babba, in na zo sai na durƙusa. A nan ni ne. In ba za ka iya ba mu rabu tun yanzu da mutuncinmu."

Na cike.

Ya ba ni guntayen waya in fere. Aikin da ake ba wa wanda ba a san abin da za a yi da shi ba. Na fere ashirin, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken ƙofa kamar mai sayen zinariya, ya zubar da sha bakwai. Wai na ciji tagullar. Wai a nan take zafi, a nan take tsinkewa. Ni da na yi jarrabawa a kan zafin waya lokacin da shi yake koyon ɗaura wando.

Laraba, 1:15 na rana

Gidan da ba a gama ginawa ba, babu ƙofa, babu taga, sai warin siminti da fitsarin magina. Aikina fasa bango da guduma da cizal, a sami hanyar binne bututu. An haɗa ni da wani tsoho da suke kira Baba Cizal. Shekara talatin yana fasa bango, bai taɓa marmarin ya wuce nan ba. Haƙoransa huɗu, kuma duk huɗun dariya suke yi.

Ya dubi hannuna ya ce, "Yallaɓai, wannan tafin na ƙirga takarda ne. Ka ba shi mako biyu zai musulunta."

Yallaɓai. Sunan da suka sa min ke nan. Har mai kawo ruwa.

Tafin hannuna ya yi ƙuraje uku masu ruwa. Biyu sun fashe.

Alhamis, 6:05 na safe

Ban iya riƙe kofin shayi ba. Auta ce ta riƙe min, tana dariya.

Juma'a, 4:50 na yamma

Filaya yana da wata al'ada ta marasa ilimi. Kafin a taɓa komai sai ya je ya kashe babban makunni, ya zare fis ya jefa a aljihunsa, ya dawo ya sa tasta, abin gwada wuta, a waya, sannan ya sa tastar a wani wuri mai wuta don ya tabbatar ita kanta tastar ba ƙarya take yi ba. Duk wannan don a canza soket ɗaya a ɗakin wata tsohuwa.

Yau na riga shi. Na ce, "Na kashe."

Ya ce to. Sai ya ajiye jaka ya fita ya duba.

A gaban matar gidan. Na bi shi waje na ce wane irin raini ne wannan? Ya ce, "Yaya, ba kai ba ne. Ko Inna ce ta taso daga kabari ta ce ta kashe, sai na je na gani da idona."

Na ce masa a inda ake aikin gaske, da layin da zai iya mai da shagonsa toka, ana aiki ne da amana da tsari, ba da tsoro ba.

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce in miƙo masa sukundireba.

Jahili.

Lahadi, 11:20 na safe

Maman Auta ta je asibiti jiya duba Kurege. Ban hana ta ba, ban kuma aike ta ba. Ta dawo ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba. Ta ce an yanke masa hannun dama daga gwiwar hannu. Na hagun kuma yatsu biyu suka rage, likita ya ce za su yi aiki. Ta ce matarsa ta rame, yaran uku suna wurin maƙwabta. Ta ce ya farfaɗo amma bai tuna komai na ranar ba, daga shayin safe sai gadon asibiti.

Ta ce, "Ya tambaye ka."

Na ce mata shayin nan ya huce.

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya yana bin ka, Baban Auta."

Na ce an hana ni magana da kowa har kwamiti ya gama. Haka dokar take. Ba ni na rubuta ta ba.

Ba a iya dafa shayi a gidan nan. Na sha faɗa.

Talata, 3:30 na yamma

Kwamiti. Mutum biyar a bayan dogon tebur, ga ruwan roba da biskit a gaban kowa. Shugaban bai taɓa tsayawa a gindin falwaya ba sai in zai yi fitsari. Ta kusa da shi tana latsa waya a ƙarƙashin tebur. Wani kuma na ga lokacin da aka ɗauke shi aiki, ni na nuna masa inda banɗaki yake. Waɗannan ne za su auna ni.

Sun karanta abin da kowa ya sani. Doka ta ce shugaban tawaga ya je tashar wuta da ƙafarsa, ya ga an kashe layi, ya sa kwaɗonsa, sannan ya ba da izinin hawa. Ma'aikacin tasha ya kashe layin ƙarfe goma da minti ashirin. Kurege ya hau goma da minti sha biyu. Ni na kira wayarsa goma da minti goma.

"Me ka ce masa a wayar?"

Na ce na gaya masa ya jira, ina hanyar tasha.

"Ina kake a lokacin?"

A hanya. Cunkoso.

Shugaban ya gyaɗa kai ya ɗauki biskit. Ko minti ashirin ba a yi ba. Shekara goma sha tara, minti ashirin. Ko tambaya mai wuya ɗaya ba su iya yi ba, sakarkaru.

Na faɗa musu abin da na sani.

Laraba, 6:15 na safe

Na faɗa musu abin da na sani.

Alhamis, 5:10 na yamma

Mai gidan da muke wa aiki ya zo duba gini. Ƙaton ciki, makullin mota a yatsa yana juyawa. Ya gan ni a kan tsani, ƙura har gira, ya ce, "Kai! Ba Injiniya ba ne? Wanda ya sa na yi sintiri wata biyu a kan taransifoman layinmu?"

Na ce kama ce.

Ya ce, "Wallahi kai ne. Ikon Allah!" Ya kira direbansa ya zo ya gani. Sannan ya ce wa Filaya a kula da ni sosai, kada in ce masa ya dawo mako mai zuwa. Suka yi ta dariya, Baba Cizal har da riƙe ciki.

Filaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, ma'aikacina ne. In akwai gyara a aikinsa ka gaya min ni."

Ban nemi ya kare ni ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan a duk ranar.

Asabar, 12:40 na rana

Maman Auta ta ce gashina ya zama kamar na mahaukacin tasha, gefe guda ya fi gefe tsawo, in je a gyara min. Ta ce tun ranar da abin ya faru ban cire hula ba sai in zan kwanta. Na ce kaina ne ko nata?

Da safe, a hanyar shago, mai askina ya hango ni daga ƙofarsa. Ya ɗaga hannu da almakashi yana kira, "Yallaɓai! Ba ka dawo mun ƙarasa ba!"

Na tsallaka titi. Wata babbar mota ta kusa kwashe ni.

Mutum ne mai surutu. Duk masu aski haka suke, baki kamar famfon da ya lalace. Zan canza hanya. Ta bayan makaranta ta fi nisa amma babu ƙura.

Litinin, 5:55 na yamma

Makunni biyu, fitila ɗaya, ɗaya a ƙasan bene ɗaya a sama. Na zana wannan a allo ga sabbin ma'aikata ya fi sau hamsin. Filaya ya ce in haɗa. Na haɗa. In an kunna a ƙasa sai ta kama, in an hau sama a kashe sai ta ƙi, in an sauko kuma sai ta mutu da kanta. Baba Cizal ya yi ta hawa yana sauka yana cewa fitilar tana da aljanu.

Filaya ya buɗe, ya sauya waya biyu, ya rufe. Fitilar ta yi daidai. Sai ya sake buɗewa, ya mayar da su yadda na yi, ya ce, "Nemo da kanka."

Awa ɗaya da rabi. Na samo.

Da ta kama daga sama ta kuma mutu daga ƙasa, sai na ji wani abu a ƙirjina kamar yaron da aka ba alewa. Mutum mai shekara arba'in da shida, a kan kwan fitila ɗaya. Tir.

Laraba, 7:00 na safe

Takarda ta zo jiya. Kwamiti ya gano cewa ma'aikacin ya hau ba tare da izini ba. Ni an same ni da jinkirin isa tasha kawai. Gargaɗi a rubuce, in koma aiki farkon wata. Za a ba ni lokaci har Juma'ar mako mai zuwa in sa hannu a rahoton.

Maman Auta ta yi sujada a tsakar ɗaki. Auta ta yi ta tsalle a kan kujera. An kira dangi. Yayata ta ce ita dama ta san sharri ne.

Akwai sakin layi na ƙarshe da ban karanta musu ba. Tunda ma'aikacin ne ya karya doka, kamfani ya janye hannu daga jinyarsa, kuma aikinsa ya ƙare daga ranar.

Haka doka take.

Laraba, 1:30 na rana

Ban ci abinci ba. Mai abincin nan ƙazama ce, ban san yadda suke iya ci ba.

Alhamis, 5:20 na yamma

Na gaya wa Filaya farkon wata zan koma ofis, ya nemi wani mai ɗaukar masa jaka. Na zaci zai ji haushi ko ya yi murna. Ya ce Allah ya sanya alheri, amma har zuwa ranar ni mai koyo ne, kuma ranar Asabar akwai aiki.

"An sallami Kurege daga asibiti. Matarsa ta zo nan. Duk makunnan gidan ƙanana ne, ba ya iya latsa su. Za mu sa manya masu faɗi, waɗanda zai buga da gwiwar hannu, mu sauko da su ƙasa kaɗan. Da na fanka, da na banɗaki."

Na ce ranar Asabar ina da uzuri.

Ya ce, "Wane iri?"

Na ce jikina ba daɗi.

Ya ce, "Yau Alhamis, Yaya. Ka san zazzaɓin Asabar tun yanzu?"

Garin nan cike yake da masu aikin waya, kowane lungu akwai mai filaya da salatif. Sai shagon ƙanin matata ta gani.

Juma'a, 6:20 na safe

Ba zan je ba. Ba bawansa ba ne ni.

Asabar, 4:45 na yamma

Gidan Kurege. Ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, igiyar shanya cike da bandeji da aka wanke. Ban taɓa zuwa ba. Shekara goma sha ɗaya direba yana sauke shi a bakin layi, ban taɓa tambayar wace ƙofa ce tasa ba.

Matarsa ta yi mana shimfiɗa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Yallaɓai da kansa? Kai, mun gode, mun gode." Ta aiki babbar 'yarsu sayo lemo.

Yana zaune a kan katifa ya jingina da bango. Mutumin da yake hawa falwaya kafin in gama buɗe littafin aiki, shi ya sa muka sa masa Kurege. Hannun rigar dama an naɗe an kama da fil. Ya yi yunƙurin tashi ya gaishe ni, ya manta babu abin da zai dafa, ya tafi gefe guda. Matar ta tare shi.

Na ce ya zauna. Na juya na fuskanci bango na fara kwance makunni.

Filaya ya ce masa ya zo ya nuna daidai inda gwiwar hannunsa take kaiwa. Aka tsayar da shi kusa da ni. Ya ɗaga abin da ya rage ya taɓa bango, ni kuma na sa fensir na yi alama. Ina jin warin magani. Ɗaki uku muka yi haka, har da banɗaki. Shi yana taɓawa, ni ina alama.

Na fasa bangon, na binne bututu, na ja waya. Ban ciji tagulla ko ɗaya ba. Filaya ya duba bai ce a sake ba.

Da aka mayar da fis, Kurege ya buga makunnin da gwiwar hannu, fitila ta kama. Ya kashe, ya kunna, ya kashe. Yaran suka yi ta tafi. Ya yi dariya, irin dariyarsa ta kan falwaya.

Muna haɗa kaya sai ya ce wa matar da Filaya su ɗan ba mu wuri.

Ya ce, "Oga, akwai maganar da take ci na. An karanta min takardar. Sun ce ka ce in jira, ni kuma na hau. Wallahi ban tuna ba, amma na san halina, ina da gaggawa, ka sha yi min faɗa a kai. Na jawo an dakatar da kai, an ci mutuncinka a gaban yaran ofis, ga ka nan kana fasa bango. Duk ni na ja. Don Allah ka yi haƙuri. Ka yafe min."

Ya miƙo min yatsun nan biyu.

Na kama.

Na ce, "Ba komai."

Haka na ce. Ba komai. Na yafe masa.

Asabar, 6:10 na yamma

Na sha lemon ma. Har ƙasan kwalba.

Lahadi, 9:30 na safe

Ranar da abin ya faru ina kan kujerar mai aski. Akwai taron manyan kamfani da rana, ana cewa za a ambaci sunana a ƙarin girma, na ga bai dace in je da kai haka ba. Na ce minti goma ne. Na kira ma'aikacin tasha, ya ce yanzu zai kashe, bari ya ajiye abin da ke hannunsa. Na kira Kurege, mai aski yana riƙe min wayar a kunne don hannuwana suna cikin ƙyalle. Na ce, "An kashe. Ka hau, ina zuwa."

An aske rabi direba ya kira.

Ga shi na rubuta. Takardar ba ta yi komai ba.

Litinin, 2:00 na rana

Muna cin abinci a bayan shago, Baba Cizal ya tafi salla. Na ce, "Filaya, ranar nan, ba a hanya nake ba."

Ya ci gaba da tauna. Ya ce, "Na sani."

Na ce me ya sani?

"Mai askinka ni ma shi yake min. Tun makon farko ya ba ni labari, shi bai ma san abin da yake faɗa ba. Yana yabonka ne, wai kana ba da umarni ko a kan kujerar aski."

Mako uku. Yana miƙa min sukundireba, yana kare ni a gaban masu gida, yana kallona ina kiransa jahili a cikina, wataƙila ma yana ji.

Na ce me ya sa bai tona ni ba?

Ya ce, "Na yi niyya sau biyu. Na je har ƙofar ofishinku na dawo. In ni na faɗa, an ce ƙanin mata ya yi wa mijin yayarsa hassada, mai aski kuma gobe zai ce bai ji komai ba. Kuma Yaya za ta mutu da baƙin ciki ta hannuna. Kai ne ka ce ya hau. Kai za ka faɗa."

"In ban faɗa ba fa?"

"Sai ka koma ofis farkon wata. Ni kuma in ci gaba da durƙusa maka a gida." Ya wanke hannu. "Amma ba zan ƙara cin abinci kwano ɗaya da kai ba."

Yaron da yake cinye mana burodi.

Talata, 7:40 na safe

Na gaya wa Maman Auta bayan Auta ta tafi makaranta. Tana goge min rigunan ofis ne, ta fito da su duka tun jiya. Ta ajiye dutsen guga a tsaye. Ba ta yi kuka ba, ni kuwa kuka na shirya wa.

Ta ce, "Na je na riƙe hannun matarsa na ce ta yi haƙuri, mijinta ne ya yi gaggawa. Da bakina. Ka bar ni na faɗa."

Na ce in na yi magana aiki ya tafi, wataƙila har da 'yan sanda. Na ce ta yi tunanin Auta.

Ta ce, "Kada ka sa sunan 'yata a cikin wannan."

Ta cire wayar dutsen gugar daga soket, ta naɗe, ta bar rigar rabi a goge.

Laraba, 5:30 na yamma

Ba ta yi min magana ba. Abinci yana kan tebur a rufe.

Alhamis, 6:00 na safe

Wa zai sani? Mai aski sakarai ne. Filaya ya ce ba zai faɗa ba. Shi kansa mai hannun ya yarda laifinsa ne, har ya samu natsuwa a kai. In na tayar da maganar, me zan mayar masa? Hannun?

Sa hannu ɗaya ne. Na yi dubu irinsa.

Juma'a, 3:15 na yamma

An ajiye min rahoton da alƙalami a kai. Shugaban yana ta fara'a, yana cewa a manta da abin da ya wuce. Biskit ɗin dai shi ne.

Na ce akwai gyara a shafi na biyu.

Ya ce in kuskuren rubutu ne sakatare zai gyara daga baya. Na ce ba na rubutu ba ne. Na faɗa, da lokacin, da kujerar, da kalmomin da na yi amfani da su. Na ba su sunan shagon askin. Ta kusa da shi ta ajiye wayarta, karo na farko.

Shugaban ya ce, "Ka san abin da kake yi wa kanka kuwa? An riga an rufe fayil ɗin nan. Ka fita ka sha iska ka dawo, mu ba mu ji komai ba."

Wato shi ma fayil ɗinsa yake ji. Na raina mutanen nan tun ranar farko, kuma ban yi kuskure ba. Kuskuren da na yi shi ne zaton da na yi na fi su.

Na ce a rubuta. Wanda na taɓa nuna wa banɗaki shi ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Na sa hannu a ƙarƙashin wannan.

An karɓi katina a bakin ƙofa. Mai gadi ya rasa ko ya sara min ko kada ya sara.

Asabar, 8:10 na safe

Sun ce za a mayar da jinyarsa a wuyan kamfani, a kuma sake duba maganar aikinsa. Ni takardar kora tana zuwa, lauyansu kuma zai neme ni. Yayata ta kira ta ce asiri aka yi min.

Maman Auta ta kawo shayi ta ajiye, ta ce, "Sha tun da zafi." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta kwashe rigunan ofis ta mayar cikin akwati.

Litinin, 5:45 na yamma

Matar Kurege ta zo shago da hantsi. Ina zaune a ƙofa ina fere waya. Ba ta durƙusa ba, ba ta ce Yallaɓai ba. Ta gaida Filaya, ta gaida Baba Cizal, sannan ta tsaya a kaina.

Ta ce, "An zo daga ofis an gaya masa. Kwana biyu bai ci abinci ba. Ya aiko ni da saƙo biyu. Na farko, makunnin kicin bai sauko ba, a zo a gyara, amma ba kai ba. Kada ƙafarka ta ƙara taka gidan."

Na ce to.

"Na biyu, ya ce haƙurin nan da ya ba ka, ka dawo masa da abinsa."

Baba Cizal ya sunkuyar da kai. Filaya ya juya yana neman wani abu a kan kanta wanda babu shi.

Na tashi tsaye. Na cire hula, ban san dalili ba. Na ce ta gaya masa na dawo da shi, yanzu ni ne mai ba shi haƙuri, kuma ban ce ya karɓa ba.

Ta dubi kaina, gefe dogo gefe gajere. Ta jira ko zan ƙara wani abu. Ta gyara mayafi ta tafi.

Filaya ya ɗauki jakarsa ya bi ta don ya gyara na kicin ɗin. Daga bakin titi ya juyo ya ce akwai bango a gidan bene, ɗaki huɗu, ana so a gama fasawa kafin Laraba.

Na ɗauki guduma.